Inda aka kashe Kaisar nake wucewa kullum

Shekarata biyar kenan a Roma, bas ɗin da nake hawa zuwa aiki kullum sai ta bi ta Largo Argentina, wani kango ne mai tsofaffin ginshiƙai da maguna suka mamaye. A nan sanatoci suka caccaka wa Juliyas Kaisar, janar ɗin da ke mulkin Roma, wuƙa sau 23, ranar 15 ga Maris, shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suna cewa jamhuriya suke ceto.

Ni kam ban yarda Kaisar ne ya kashe jamhuriyar nan ba, a kwance ya tarar da ita. Tun a 133 (shekarun nan baya baya ake ƙirga su) Tiberiyas Girakas, wani wakilin talakawa, ya ce a raba wa talakawa gonakin gwamnati da manya suka handame, sanatoci suka fito da sanduna suka kashe shi da mutanensa wajen 300 aka zuba gawarwakin a kogin Tiber. Manomi ba gona sai ya shiga soja, ladansa kuma a hannun janar ɗinsa yake ba majalisa ba, to wa kake so ya bi? A 88 wani janar, Sulla, ya shigo birnin da sojoji. Ga sayen ƙuri'a ga 'yan banga, a 52 ma da aka kashe wani ɗan siyasa, Kulodiyas, yaransa suka ƙone majalisar ƙurmus.

Wlh in ina karanta wannan gida nake gani. Kwanaki yayana ya ce min a waya gara soja su karɓa kowa ya huta, kuma ban ga laifinsa ba, mutum ya gaji. Su ma Rumawa gajiyar yaƙin basasa ce ta sa suka miƙa wuya ga Ogastas, magajin Kaisar, a 27. Bai rushe majalisa ba, bai kira kansa sarki ba, amma soja da baitulmali duk suna hannunsa, ya yi sama da shekara 40 a kai, yana mutuwa magajinsa ya ɗauke zaɓe daga hannun jama'a ya ba sanatoci, shikenan.

Mu dai a Najeriya soja sun karɓa a 1966 da 1983 amma ƙuri'a ta dawo a 1979 da 1999, su kuwa tasu ba ta dawo ba, shi ne abin da ke ba ni tsoro. Na faɗa wa Yaya haka, ya yi shiru can sai ya ce, to ka san nawa buhun taki yake bana?