Ƙirga jifa kaɗai ba zai ceci hannun mai jifa a besbol ba

A watan Afrilun 2024, kaka ta fara ke nan, manyan masu jifa uku a gasar besbol ta Amurka suka faɗa hannun likitocin tiyata cikin 'yan kwanaki: Eury Pérez na Miami, Shane Bieber na Cleveland, da Spencer Strider na Atlanta. Dukkansu gwiwar hannu ce. Bieber wasa biyu kacal ya buga a kakar, zagaye 12, ba a ci shi ko maki ɗaya ba. Shi kuwa Pérez lallaɓa shi aka yi ta yi a 2023, har sai da ƙungiyarsa ta mayar da shi ƙaramar gasa a tsakiyar kaka don a rage masa aiki. Babu wanda zai ce an gajiyar da waɗannan da yawan jifa. Duk da haka hannun ya tafi. Wannan ne ya sa nake ganin dogaron da aka yi a kan lamba 100, wato a cire mutum da zarar jifansa ya kai ɗari a wasa, ya zama hanyar wanke kai ga masu horarwa, alhali abin da ke cin hannun yana wani wajen.

Mai jifa yana tsayawa a kan tudu, tazarar mita 18.44 daga mai bugu, da ƙwallo mai nauyin giram 145 ko kusa da haka. Idan ƙafarsa ta gaba ta sauka, ƙugu da ƙirji suka juyo, hannun yana saura a baya, ya kwanta har tafin yana kallon sama. A wannan ɗan lokacin gwiwar hannu tana neman buɗewa ta ɓangaren ciki. Abin da ke riƙe ta wata 'yar jijiya ce da ke ɗaure ƙashin sama da na ƙasa, likitoci na kiranta UCL. Masu bincike a cibiyar nazarin lafiyar 'yan wasa ta ASMI da ke Birmingham a jihar Alabama, su Glenn Fleisig da Dokta James Andrews, sun auna ƙarfin murɗawar a 1995, suka samu kusan nitin-mita 64. Jijiyar tana ɗaukar wajen rabin wannan nauyi, kuma rabin nan ya yi daidai da abin da ke tsinka ta idan aka gwada a jikin gawa. Ashe kowane jifa mai ƙarfi yana kai ta bakin iyakarta. Tsokokin da ke tsakanin gwiwar hannu da wuyan hannu, masu lanƙwasa yatsu da juya tafi, su ne ke taimaka mata. Idan suka gaji suka saki, nauyin duka ya koma kanta. Kamar igiyar guga take: zare-zare take cinyewa, ranar da ta tsinke ba ranar ce ta lalace ba.

Daga nan za a gane inda ƙirga jifa yake da amfani. Ana ƙirgawa ne don a yi hasashen gajiya, tunda gajiyar ba ta ganuwa a takarda. Binciken da ASMI ta fitar a 2006 kan matasa ya nuna cewa wanda ya saba jifa alhali hannunsa a gajiye yake, haɗarin kaiwa ga tiyata a kansa ya ninka sau 36. Wanda ke wuce jifa 80 a wasa, sau 4. Wanda ke jifa fiye da wata 8 a shekara, sau 5. A duba tazarar da ke tsakanin 36 da 4, sannan a tambayi kai wanne aka fi sa wa ido a filin wasa.

Ga yara ba na jayayya da ƙirga, ina ma ganin duk kocin da ya karya ta ya cancanci kora. Ƙashin yaro bai gama haɗewa ba, akwai guringuntsi a bakin gwiwar hannu ta ciki da kuma saman ƙashin kafaɗa, kuma shi ne ke fara tsagewa kafin jijiya. Tun 2007 ƙungiyar Little League ta kafa doka: ɗan shekara 9 zuwa 10 ba zai wuce jifa 75 a rana ba, ɗan 11 zuwa 12 jifa 85, ɗan 13 zuwa 16 jifa 95. Hutun ya fi wannan muhimmanci. Ga ɗan shekara 14 zuwa ƙasa, jifa 21 zuwa 35 hutun kwana ɗaya ne, 36 zuwa 50 kwana biyu, 51 zuwa 65 kwana uku, daga 66 zuwa sama kwana huɗu. Yaron da ya yi jifa 41 ba zai koma ya tsuguna a matsayin mai cafe ƙwallo a ranar ba, domin mai cafewa yana mayar da ƙwallo bayan kowane jifa, hannunsa bai huta ba. Tsarin Pitch Smart da MLB, hukumar babbar gasar besbol ta Amurka, da USA Baseball suka fito da shi a 2014 ya ƙara da cewa a bar jifa na wata huɗu a shekara, biyu zuwa uku daga ciki a jere. Wani binciken na shekara goma da aka buga a 2011 ya samu cewa yaron da ya wuce zagaye 100 a shekara, haɗarin mummunan rauni a kansa ya ninka sau uku da rabi.

Inda dokar ke yoyo shi ne kowace gasa littafinta take riƙewa. Yaro ya yi jifa 80 ranar Asabar a ƙungiyar unguwa, Lahadi ya yi 60 a ƙungiyar da ke yawon gasa, Talata ya je wajen mai koyarwa na kuɗi. Kowane koci ya bi doka, yaron kuma ya yi aikin da babba ba zai yi ba. Littafi ɗaya ya kamata a samu, a hannun iyaye, da kwanan wata da adadi. Kuma a rubuta har jifan da ba na cikin wasa ba. Masu bincike a Jami'ar Florida sun bi 'yan sakandare suna ƙirgawa, suka tarar kusan kashi 40 cikin ɗari na jifan ranar wasa ba ya shiga lissafi: na ɗumama hannu kafin a fara, da guda takwas ko biyar da ake yi a farkon kowane zagaye. Wanda aka rubuta wa 70 ya haura 110 a zahiri.

Japan ta nuna ɗaya gefen. A gasar sakandare ta Koshien, Daisuke Matsuzaka ya yi jifa 250 a wasa ɗaya mai zagaye 17 a 1998. Tomohiro Anraku ya yi 772 a wasa biyar a 2013 yana ɗan shekara 16, kuma kafin shekarar ta ƙare gwiwar hannunsa ta samu matsala. Kosei Yoshida ya yi 881 a 2018. Sai a 2020 aka sa iyakar jifa 500 a mako, wadda a ganina ta yi yawa ƙwarai. Mutumin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne Yohei Kokubo, kocin makarantar Ofunato. A 2019 yana da Roki Sasaki, yaron da aka auna jifansa a kilomita 163 a awa. Sasaki ya yi jifa 194 a wani wasa, bayan kwana uku ya yi 129 a wasan kusa da na ƙarshe. Washegari, ranar wasan da zai kai su Koshien, kocin ya zaunar da shi. Aka ci su 12 da 2, makarantar ta sha kiran waya na masu fushi. Shawarar daidai ce ko da Sasaki bai zama komai ba daga baya, domin jifa mai gudun 160 a hannun da bai samu ko awa 24 na hutu ba caca ce da jikin ɗan wani.

A wajen manya ne lissafin ya rikice. Masu jifan da ke fara wasa a yau ba sa yin yawan aikin magabatansu. Nolan Ryan ya taɓa yin jifa 235 a wasa ɗaya a 1974. A kakar 2024 gaba ɗaya, sau 28 kacal aka samu mai jifa ya kammala wasa shi kaɗai. Aiki ya ragu, tiyata ta ƙaru, har kusan ɗaya cikin uku na masu jifa a MLB sun taɓa kwanciya a gyara musu wannan jijiya. Abin da ya canza shi ne ƙarfin kowane jifa. Matsakaicin gudun miƙaƙƙen jifa ya tashi daga mil 91.3 a awa a 2008 zuwa 94.2 a 2024, wato daga kilomita 147 zuwa kusan 152. Rahoton da MLB ta fitar a Disamban 2024, bayan tattaunawa da mutane fiye da 200, ya ɗora laifin a kan neman gudu, neman ƙwallo ta yi lanƙwasa mai tsanani, da jifa da iyakar ƙarfi a kowane lokaci. A da mai jifa yana rage ƙarfi idan mai rauni ne a gabansa, ya adana na gaske don lokacin da aka matse shi. Yanzu an gaya masa zagaye biyar ake so, ya zuba duk abin da yake da shi. Ƙirgar da aka kawo don kariya ita ce ta ba da lasisin wannan. Ƙungiyar 'yan wasa ta zargi agogon jifa da aka kawo a 2023, daƙiƙa 15 idan babu kowa a kan tasha, wato inda wanda ya buga ƙwallo yake gudu ya tsaya, 20 idan akwai, aka rage ta biyun zuwa 18 a 2024. Rage numfashi tsakanin jifa da jifa ba zai taimaki tsokar da ta gaji ba, amma raunin ya daɗe yana hawa kafin a kawo agogo.

Gudun nan kuma sayensa ake yi a lokacin da ya kamata a huta. Atisaye da ƙwallaye masu nauyi yana ƙara gudu, babu musu. Mike Reinold da abokan aikinsa sun gwada shi a kan matasa na mako shida, aka buga sakamakon a 2018: gudu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin ɗari, kafaɗa ta ƙara kwanciya baya da digiri 4, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka yi atisayen sun ji rauni, alhali ba a samu ko ɗaya ba a rukunin da bai yi ba. Ƙarin kwanciyar nan ita ce ke kawo gudun, ita ce kuma ke ƙara wa gwiwar hannu nauyi. Yaron da guringuntsinsa bai rufe ba ba shi da abin yi da irin wannan ƙwallo.

Kula da hannu na gaskiya aiki ne na kullum mai gundura. Kafin kaka a ɗauki mako shida zuwa takwas ana hawa a hankali: jifa a fili daga mita 14, zuwa 18, 27, 37, kafin a hau tudu; a kan tudu a fara da miƙaƙƙen jifa da rabin ƙarfi, masu lanƙwasa su zo daga baya; a wasannin gwaji a riƙa ƙara wajen jifa 15 kowane fita. Raunuka suna taruwa a farkon kaka saboda mutum ya tashi daga hutu ya faɗa cikakken ƙarfi, ko kuma bai huta ba sam. A cikin kaka, mai fara wasa a Amurka yana samun kwana huɗu ko biyar tsakanin wasanni: washegari motsa jiki mara nauyi da jifa kaɗan, rana ta biyu ko ta uku jifan gwaji 25 zuwa 35 ba da cikakken ƙarfi ba, sannan sassauci. A Japan mako guda ake ba shi, kuma mai jifa ɗan Japan Yu Darvish ya fito fili a 2014 ya ce wannan tazarar ta fi rage yawan jifa amfani. Ina tare da shi. Masu shigowa a ƙarshen wasa su ne aka fi zalunta: kada a fitar da mutum kwana uku a jere, kuma duk lokacin da aka ce ya tashi ya ɗumama hannu sannan ba a sa shi ba, a rubuta masa a matsayin aiki. Zagaye ɗaya mai jifa 35 ya fi zagaye uku masu 12 kowanne cin hannu, ko da jimillar ta zo kusan ɗaya.

A riƙa auna juyawar kafaɗa da ma'aunin kusurwa tun kafin kaka, a maimaita a kai a kai. Idan jimillar juyawar hannun jifa ta gaza ta ɗaya hannun da fiye da digiri 5, a dakata a gyara. A cikin wasa alamun a bayyane suke: gudu ya sauka da mil biyu ko uku, ƙwallo ta fara tashi sama ta ɓangaren hannun jifa, gwiwar hannu ta yi ƙasa, mutum yana karkaɗa hannu ko yana jan lokaci. Ciwo a cikin gwiwar hannu ta ciki, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi su yi sanyi ko tsira-tsira, wannan na likita ne a ranar. Ƙanƙara da maganin kashe zafi ɓoye shi kawai za su yi.

Akwai iyayen da ke ɗaukar tiyata a matsayin gyaran da ke ƙara gudu. Ba ta ƙarawa. Dokta Frank Jobe ne ya fara yin ta a 1974 a kan Tommy John na Los Angeles Dodgers: ya ciro jijiya daga hannunsa na dama, ya huda ƙasusuwan gwiwar hannun hagu, ya zura ta. John ya rasa kakar 1975, ya dawo ya yi wasa har 1989. Amma jinyar wata 12 zuwa 18 ce, wajen biyu cikin goma ba sa komawa matsayinsu, kuma sabuwar jijiyar ma tana tsinkewa. Tauraron ɗan wasan nan na Japan Shohei Ohtani an yi masa a 2018, aka sake buɗe gwiwar a 2023. Sabuwar dabarar ɗinke jijiyar a ƙarfafa ta da zare mai ƙarfi tana rage jinya, sai dai tana aiki ne idan naman jijiyar bai riga ya lalace ba.

Kada a tambayi mai jifa ko zai iya ci gaba. Zai ce e, domin gurbinsa da kwantiraginsa a kan wannan amsar suke. Koci ma aikinsa a kan nasarar yau yake. Ƙungiyar Washington ta tsayar da mai jifanta Stephen Strasburg don kare hannunsa a 2012 bayan zagaye 159 da ɗoriya, tana kan gaba a rukuninta, aka fitar da ita a matakin farko na wasannin ƙarshe, aka yi ta zaginta. Abin da ya ba ta damar tsayawa a kan bakanta shi ne an yanke shawarar tun kafin kaka, lokacin da babu maki a allo. Haka ya kamata kowace ƙungiya ta yi, daga ta yara har ta ƙwararru: a rubuta iyakar rana, ta mako da ta shekara kafin wasan farko, a ba mai kula da lafiya ikon cire ɗan wasa ba tare da neman izinin koci ba, a kuma ajiye na'urar auna gudu a gida duk ranar da ƴan ƙasa da shekara 14 ke wasa.