Ranar da motata ta ƙi tashi a Winnipeg, na rasa mai turawa

Wata safiyar Talata a tsakiyar Janairu na fito zan tafi aiki, na murɗa makulli, sai na ji "ƙas-ƙas-ƙas" kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Waya ta nuna sanyi ya kai 31 ƙasa da sifiri. Irin sanyin da gashin hancinka ke daskarewa kafin ka rufe ƙofar gida, kujerar mota kuma ta koma kamar bencin makarantar firamare.

Na buɗe bonet na tsaya, yadda muke yi a gida. Motoci suka yi ta wucewa, kowa ya naɗe fuska sai ido. Wajen minti 20 babu wanda ya ko rage gudu. Can sai wata tsohuwa maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Ka jona motar jiya da dare?" Na ce a'a. Ta girgiza kai, ta ce in kira masu janwe, ta ja ƙofarta. Wallahi wannan jan ƙofar ya fi sanyin yi mini ciwo.

Jonawar da take nufi ita ce wannan. A nan Manitoba, lardin Kanada da Winnipeg ke ciki, kusan kowace mota za ka ga wata gajeriyar waya tana reto a hancinta. Farkon zuwana Kanada na zaci duk motocin lantarki ne. Ashe hita ce a cikin injin, tana ɗumama ruwansa don kada bakin mai ya yi kauri. Wuraren ajiye motoci da yawa suna da sanduna masu soket, kowace mota da nata, ka zo ka jona ka tafi. Awa 3 zuwa 4 kafin ka fita ya wadatar. Ni kuwa ganda ce ta hana ni.

Mai janwe ya iso bayan awa biyu. Bai taɓa komai ba sai da ya ɗora mita a kan batir: bolt 11.9, alhali lafiyayyen batir mai cikakken caji 12.6 yake nunawa. Ya ce sanyi duka biyu yake yi wa mota, ya rage wa batir ƙarfi, kuma ya sa bakin mai ya yi nauyi yadda kik zai buƙaci wuta fiye da kullum. Ya nuna mini lambar CCA a jikin batirin, wato yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin 18 ƙasa da sifiri. Shekaruna nawa ina sayen batir a Kano, ban taɓa duba wannan lamba ba, girmansa kawai nake kallo. Ya shafa gefen batirin ya ga ko ya kumbura, domin wanda caji ya ƙare masa ruwan cikinsa na iya zama ƙanƙara, kuma jona irinsa haɗari ne. Sannan ya kankare farin garin da ya taru a kan batir, ya maƙala jar waya a wurin fulos, baƙar kuma a ƙarfen injin. Murɗa ɗaya ta tashi. Ya sake aunawa ya ga 14 da ɗoriya, ya ce alteneta mai cajin batir lafiya lau, batir ne ya tsufa.

Gaskiya ɗaya ce, sun fi mu awo. Ba sa cewa "mu canja wannan mu gani". Ko bakin mansu 0W-20 ne ko 5W-30, mai ruwa-ruwa, ba 20W-50 ɗinmu ba da zai zama kamar tuwo a wannan gari.

Amma me ya gano da mitarsa wanda rewaya ɗinmu ba zai gano da kunne ba? Ƙas-ƙas da sauri, batir ne ko kansa ya saki. Ƙas guda ɗaya alhali fitilu na haske sosai, a duba kik. Injin na juyawa amma ya ƙi kamawa, a nemi mai ko filogi. Yaron gareji ɗan shekara 15 ya san wannan, kuma ba sai ka cika takarda ka ba da lambar kati ba. A gida, kafin ma a kai ga rewaya, mai shayi ya ajiye buta, masu dawowa daga masallaci sun tattare riga, an ce "sa a giya biyu, Alhaji!" Na san za a ce motata atomatik ce, ko an tura ba za ta tashi ba. Na sani. To ko tsayawa a ce "sannu, me ya same ta?" shi ma sai mai kuloci?

Wani abokina ya ce ba mugunta ba ce, tsayuwa a irin wannan sanyi na iya cinye wa mutum yatsu, kuma kowa ya biya kuɗin janwe na shekara. Wataƙila. Shekara huɗu ke nan muna gaisawa da tsohuwar nan, ni nake kwashe mata dusar ƙanƙarar ƙofar gida.

Lokacin da nake jiran janwe na kira tsohon bakanikena na Ƙofar Ruwa ta WhatsApp, na kara masa wayar na murɗa makulli. Bai bari na gama ba ya ce, "Batir ne, Alhaji." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wai babu yara ne a unguwar taku?"