Ƙofa ta buɗe, amma da rigar aro muke shiga

Shekaranjiya da dare wata ƙanwata ta turo mini labarin da take rubutawa, ta ce, "Yaya, duba mini kafin in saki." Shafi na 17 ne, kuma a zaurenta na WhatsApp mata na jiran sa kamar masu jiran kiran sallar shan ruwa. Ina zaune a fada, wato majalisarmu ta shan shayi, shayi na biyu yana kan gawayi, na karance shi tsaf. Yarinyar nan ta iya, ba don tawa ce ba. Sai dai jarumarta a Kano take zaune, saurayin ɗan Abuja ne, sadaki kuma da naira aka yanka. Wadda ta rubuta kuwa haifaffiyar unguwar Birni ce a nan Damagaram, iyakar tafiyarta kudu Matamaye.

Na tambaye ta dalili. Ta ce, "Yaya, in na ce unguwar Garin Malam, wa zai karanta?"

Kafin in yi faɗa, bari in ba intanet haƙƙinta, don na san yadda abin yake a da. Mu da muka taso nan Damagaram masu karatu ne kawai. Littattafan soyayya daga Kano ake kawo su, mu karɓa haya, mu ɓoye cikin kaye, littafin rubutu, a lakol kada mushe, wato malami, ya gani. Wanda ya yi nasa rubutun, hanya biyu gare shi: ko ya nufi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, inda harkar littafi ta fi karkata ga Faransanci, ko ya tsallaka Kano ya biya maɗaba'a daga aljihunsa, ya zuba wa ƴan kasuwa bashi, ya dawo gida yana jiran kuɗin da Allah kaɗai ya san ranar zuwansu. Galibi ba a bin ko ɗaya. Kaye ya cika, a jefa cikin akwati, gara ta karanta. Ko marigayi André Salifou, ɗan garin nan da jami'armu ke ɗauke da sunansa, da ya rubuta wasan kwaikwayo kan Sarki Tanimun, da Faransanci ya rubuta shi.

Yau fa? Salula da ɗan forfe, wato data, sun isa. Yarinya na cikin ɗakin uwarta, ba ta nemi iznin wani mai maɗaba'a ba, ba ta sayar da akuyarta ba, ta ɗora a Facebook ko Wattpad, kafin gari ya waye an karanta a Maraɗi da Katsina da Agadas, har da ƴan ci-rani a Libiya. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ma ta saƙon intanet ake shiga. Abin da ya fi burge ni shi ne lokacin da Najeriya ta rufe iyaka a 2019, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023. Kaya sun tsaya, motoci sun yi layi, amma shafin labari bai kwana ko ɗaya a bakin iyaka ba. In dai kuran, wato wutar lantarki, ya bari an caja waya, ya wuce.

To ga inda nake da magana. An buɗe mana ƙofar da iyayenmu ba su samu ba, mu kuma muka aro rigar maƙwabta muka shiga da ita.

Na san uzurin, kuma ba ƙarya ba ne. Masu karatun Hausa sun fi yawa a Najeriya nesa ba kusa ba, kuma can ne masu biya suke. Tsarin sananne ne: a saki shafukan farko kyauta, labari ya kai inda zuciya ke tsinkewa, sai a ce mai son ci gaba ya biya a sa shi zauren kuɗi. Marubuciyar Kano lambar banki kawai za ta liƙa. Tamu sai ta nemi ɗan'uwa a tsallake ya karɓa mata, a yi canji, a turo ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana, abin ya iso ya rame. Wanda ke cikin wannan hali, in ya ce zai bi bakin kasuwa, ba zan kira shi wawa ba.

Amma ko a lissafin kasuwar, ina ganin faɗuwa ce. Masu rubuta Kano suna can cikin Kano, ba su ƙirguwa, sun san kowane lungu. Ke da ba ki taɓa ganin Ƙofar Mata ba, da me za ki fi su? Alhali ga kaya jibge a ƙofar gidanki ba mai taɓawa. Wa ya rubuta matar da ke tashi kafin asuba ta sa jarka a layin famfo, ko rigimar mai gida da ɗan ga-ruwa a tsakiyar bazara? Wa ya rubuta yaron unguwar Kara-Kara da ke son fita daga harkar fale, wato gungun ƴan daba, ko dukawan da ƴaƴansu suka ƙi gadon fata, ko hayaniyar Kasuwar Dole ranar jajibiri, ko budurwar da ta hango nata cikin mahaya ranar hawan salla a ƙofar fada? Mu da muka haddace Fagge da Gwammaja daga littafin haya ba tare da mun taka su ba, me zai hana ɗan Zariya ya haddace Zango da Sabon Gari namu?

Akwai laifin da yake namu ɗungurungum, shi ne rubutun kansa. Lakol da Faransanci ta koya mana haruffa, shi ya sa za ka ga "tchikin guida", "ina kouana", "chi ne". Mai karatun Sakkwato ya yi layi biyu ya gudu, mu kuma mu ce wai Hausarmu ya raina. Bai raina ta ba, kasa karantawa ya yi. Kalma daban, ƙa'idar rubutu daban. Ki ce lakol, ki ce kabu-kabu, ki ce an kai shi likita, duk naki ne, kada ki sauya. Amma ki rubuta su da baƙaƙen Hausa, ki sa ƙugiya inda take, don "ƙasa" ba "kasa" ba ce, "ɓata" kuma ba "bata" ba ce. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kyauta. Tun Maris na 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar. Abin kunya ne a ce masu rubuta ta ne ba su san inda ƙugiyarta take ba.

Kuma babu mai gyara. Masu karatu ba sa cewa an yi kuskure, "a ƙaro mana" kawai suka sani, marubuciya kuma tana tsoron in ta yi fashin kwana biyu a koma wa wata. Haka uwar jaruma za ta mutu a shafi na 9 ta dawo tana rabon goro a na 30. Ga ɓarayin da ke kwafe labari su goge suna. Ga dandalin da kan mutu da kayan mutane a ciki, kamar yadda Okadabooks ta rufe a 2023. Wanda bai ajiye kwafinsa ba, ya ji a jikinsa.

Ƙanwar tawa dai ba ta yarda da ni duka ba. Ta ce wancan labarin ya yi nisa, ba za ta kwaso mutanenta daga Kano ba. Amma jiya ta saki shafin farko na wani sabo, a Birni, inda aka yanka sadaki jikka 100. Wata ƴar Kaduna ta lissafa da jakarsu ta naira 200, ta ga naira 20,000, ta rubuto cewa wannan ango marowaci ne, a fasa auren. Matan Damagaram suka yi mata caa, suna bayanin cewa jikka a nan sefa 1,000 ce. Har na kwanta ana ta musu a zauren, ita kuwa marubuciyar ta turo mini shafi na biyu, wai in duba mata ƙugiya.