Dokar kwalta da motar da ke shiga rairayi

A shekarar 2024 hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta fitar da ƙa'idar cewa daga 2029 kowace sabuwar ƙaramar mota sai ta zo da na'urar da ke taka birki da kanta idan ta hango abin da za ta buge. Tarayyar Turai kuwa tun watan Yulin 2024 ta wajabta irin wannan birki, tare da na'urar gargaɗin gudu, a kan sababbin motoci. Wani zai ce ina ruwan Bakano da dokar Turawa, amma ai motocin da muke saya ta Kwatano da Legas daga can suke fitowa, kuma abin da aka ɗora musu da shi za su iso mana.

Ba na adawa da waɗannan na'urori, domin duk wanda ya saba bin titin Kano zuwa Zariya ya san rayukan da gudu da sakaci suke ci. Damuwata ita ce an tsara su ne da kwalta a zuciya, alhali motocinmu da yawa rabin aikinsu a burji da rairayi da laka suke yi.

A daminar bara na ɗauko buhunan taki zuwa gonarmu da ke bayan Gezawa, sai na shiga wani rafi mai yashi. Da tayoyi suka fara sulɓi, na'urar hana zamewa ta rage wa injin ƙarfi daidai lokacin da nake bukatar wuta, ina danna totur mota tana nishi, har ta kafe. Sai da matasan ƙauyen suka sassaro rassa suka cusa ƙarƙashin taya, muka rage iska, sannan ta fita, kuma muna fita wata fitilar ta kunnu tana ƙorafin iskar taya. Na'urar ba ta lalace ba. Aikinta ta yi a inda bai dace ba. To ina ga birkin da zai iya ɗaukar doguwar ciyawa ko gangaren rafi a matsayin bango?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin da bakanike ya ba ni da na dawo gari: «Alhaji, a cire fis ɗin kawai, ka huta.» Wanda ya bi wannan shawara ya huta a yashi, amma ya hau kwalta ba tare da kariyar na'urar ba, iyalinsa kuma suna ciki.

Saboda haka idan Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa, wadda ta tilasta wa motocin haya na'urar ƙayyade gudu a 2017, za ta kwaikwayi waɗannan ƙa'idoji, ina roƙon ta bar wa direba maɓallin kashe na'urorin a ƙaramar giya, da sharaɗin su kunna kansu da zarar mota ta ɗauki gudu. Ta kuma saurari direbobin da ke kwaso hatsi daga ƙauyuka zuwa kasuwar Dawanau kafin ta sa hannu.