Ko an shafa fenti wa zai tsare wurin?

Kun ce a Ingila mai bukata ta musamman zai iya neman karamar hukuma ta shata masa wurin fakin a kofar gidansa, to madalla, amma mu nan Jos fa? Yayana tun da yayi hatsari yake kan keken guragu, muna Anguwar Rogo, wallahi ranar zuwa asibiti sai mun bi gida gida neman mai motar da ya toshe mana kofa, wani sa'in sai dai mu dauke shi cak mu tsallaka kwata dashi. Mun jera tsofaffin tayoyi, kwana uku yara suka gangara dasu. Kai kuma malam mai cewa ai akwai dokar kare hakkin masu bukata ta musamman a Najeriya, eh Buhari ya sa hannu a Janairun 2019, amma wuraren fakin na jama'a ta ambata ba kofar gidan mutum ba. Mu dai sai da mai unguwa yayi magana bayan sallar isha'i muka dan samu sa'ida. In an shata wurin, wa zai hana makwabci ajiye motarsa cikin dare?