Neman Magani a Ƙasar Waje

Ciwon ƙugu ne ya kama ni bara bayan an gama girbi, irin ciwon nan da idan mutum ya yi ruku'u sai ya tsaya yana shawara da kansa kafin ya ɗago. Na je asibiti, likita ya danna nan ya danna can, ya tambaye ni sana'ata, da na ce masa akawu ne ni kuma a kan kujera nake wuni, sai ya ce in sake katifa, in rage zama, in riƙa taka ƙafa bayan la'asar. Wannan bayani bai gamsar da kowa ba a gidanmu, domin a ganin dangi, ciwon da ya hana magidanci ɗaura igiyar takalminsa ya fi ƙarfin a ce katifa ce ta jawo shi.

Gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda tun rasuwarsa ta zama kotun ƙoli a zuri'armu, ita ce ta yanke hukunci. Ta ce an sa mini hannu, kuma hujjarta ita ce an yi mini ƙarin girma a ofis, wata bai zagayo ba ƙugu ya riƙe. Har mai laifin ta gano, wato abokin aikina da muke zaune ɗaki ɗaya, wanda ba ta taɓa gani ba sai a hoton walimar ƙarin girman, inda ta lura cewa murmushinsa bai kai ido ba. Na ce to, ga malamai nan birjik a Daura. Ta dube ni da tausayi ta ce, "Kai ɗan nan, malamin da kuke rububin alawa tare a wurin ɗaurin aure shi zai karya maka sammu? Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe." Nata malamin yana can cikin Nijar, gaba da Matamaye, wani tsoho ne da ta taɓa zuwa wurinsa a zamanin mulkin Seyni Kountché, shugaban Nijar da ya bar duniya tun 1987. Ta ce ƙauyen bukkoki ne da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, babu hanyar mota, tsohon yana zaune a gindin wata tsamiya da ko tsuntsu ba ya sauka a kanta saboda iskokin da ke ciki. Ta kuma kafa mini sharaɗi cewa kada in kuskura in faɗi garinmu, domin malamin gaske shi ke gaya wa mutum inda ya fito. Ɗan rakiya kuwa ta ba ni ɗanta, taubashina, mutumin da tun muna yara bai taɓa ganina cikin wahala ya kasa yin dariya ba.

A ofis na nemi izini na ce zan fita ƙasar waje neman magani. Nan take aka soma yi mini kallon girma, wani ya tambaya ko Indiya ce, wani ya ce Masar ta fi sauƙi, ni kuwa na ce su dai taya ni da addu'a. Ban ga dalilin da zai sa in bayyana musu cewa daga Daura zuwa Kongolam, inda ƙasar wajen ta soma, bai kai nisan Daura zuwa Katsina ba, kuma mutanen da ke ƙetaren iyakar, wadda Turawan Ingila da na Faransa suka shata a farkon ƙarni na 20, da su muke cin kasuwar Mai'aduwa kowace Lahadi.

Darajar tafiyar ta fara raguwa a wurin ɗan canji. Na miƙa masa damin naira da sai da na sa hannu biyu, ya ƙirga, ya danna ɗan kalkuletansa, ya miƙo mini wasu 'yan takardun sefa da suka shige aljihun gaban riga ba tare da sun ɗaga shi ba. Na tsaya ina jiran ciko, shi kuma yana jiran in matsa. A zamanin da Gwaggo ta yi tata tafiyar naira ce ke taƙama a kasuwannin Damagaram da Maradi, yanzu kuwa jika guda ta sefa, wato dubu ɗaya, ta haura naira dubu biyu. Iyakar kanta ta sha rufewa, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan daga Agustan 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Yamai, zuwa Maris na 2024, amma 'yan babur da ke ratsa gonaki sun tabbatar mini cewa su a rediyo kawai suka ji labarin. Jandarman da ya duba katinmu ya tambayi inda za mu, da muka ambaci ƙauyen sai ya dubi yadda nake dafe da ƙugu ya ce, "Wurin Malam ke nan. Alhaji, ku yi sauri, ranar Asabar layi na da tsawo." Kalmar layi ta ɗan tsaya mini a rai, domin babu ita a cikin bayanin Gwaggo.

Daga inda mota ta sauke mu sai kabu-kabu, kuma don tattalin sefa muka hau babur ɗaya mu uku, ni a tsakiya. Hanyar rairayi ce zalla da ta ratsa gonakin gero da aka girbe, ga itatuwan gawo ko'ina sun yi kore shar, kasancewar shi gawo da rani yake fitar da ganye, da damina ya zubar. Yaron da ke tuƙa mu yana gudu yana amsa waya, ya maƙale ta tsakanin kunne da kafaɗa. Ana cikin haka muka faɗa wani rami da amalanken shanu suka haƙa, babur ya yi sama, mu ma muka yi, na dawo na dira a kan ƙarfen sirdi, sai na ji wani abu ya ce ƙas a ƙasan bayana. Na yi salati da ƙarfi na ce a tsaya, na sauka a hankali ina jiran in ji ƙafafuna sun mutu. Sai na ga na miƙe sak. Na sunkuya na taɓa yatsun ƙafa, na ɗago, ban ji komai ba. Na ce wa taubashina ai sai mu juya, tunda abin da muka zo nema ya samu a hanya kuma kyauta. Ya ce shi ba zai koma ya gaya wa tsohuwarsa cewa rami ne ya karya sammu ba, in ina da ƙarfin hali in je in faɗa mata da bakina. Muka hau muka ci gaba.

Abin da muka fara hangowa daga nesa shi ne dogon ƙarfen sabis na waya, fari da ja, sai tankin ruwa a sama da allunan sola a ƙarƙashinsa. Bukkokin Gwaggo sun zama gidajen bulo masu rufin kwano da ƙofofin ƙarfe masu fenti, waɗanda ɗan kabu-kabu ya riƙa nuna mana yana cewa wannan kuɗin Aljeriya ne, wancan na Libiya, wancan mai bene kuwa mai shi ya dace a haƙar zinariyar Jado ta can arewacin Nijar, da aka soma rububinta a 2014. Ga shagon cajin waya, ga mai sayar da fetur a kwalabe, ga gidan kallon ƙwallo inda samari ke musu a kan Barcelona da Real Madrid kamar gadon ubansu ake rabawa. Na tambayi wani dattijo mai shayi inda tsamiyar take. Ya nuna mini gindin ƙarfen sabis ɗin ya ce a nan take da, kamfani ya biya aka sare ta. Na ce, "To Baba, iskokin fa?" Ya zuba shayinsa daga sama ba tare da ya dube ni ba, ya ce sun koma bayan gari, ba sa son ƙarar janareta.

Tsohon Gwaggo ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne ya gaje shi. A ƙofar gidan akwai rumfar kwano da kujerun roba a jere, da wani saurayi a bakin tebur riƙe da littafi, wanda ya karɓi kuɗin kati ya ba ni lamba 23. Da na zauna na saurari hirar masu jira sai na fahimci kusan duk 'yan Najeriya ne, daga Kazaure, daga Katsina, daga Kano, kowa ya ja hula ya rufe goshi. Mai lamba 19, wanda ya naɗe fuska da rawani yana dafe da gwiwa, ya juyo don ya gyara zama, muka haɗa ido. Abokin aikina ne, mai murmushin da bai kai ido ba. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo, muka tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce shi raguna ya zo dubawa, na ce ni ma ziyarar dangi ce ta kawo ni, kowannenmu riƙe da katinsa a hannu. Daga baya taubashina ya jiyo daga ɗan rakiyarsa cewa gwiwar ta kumbura ne tun makon da aka yi mini ƙarin girma, kuma tasa gwaggon ta ga hotona.

Malam bai wuce shekara arba'in ba, yana zaune a kan darduma mai laushi, fanka na kaɗa shi, wayoyi biyu a gefen dama, faifan rairayi a gefen hagu. Ya amsa gaisuwata da fara'a, ya shafe rairayin, ya ɗiɗɗiga da yatsu, ya share, ya sake, sannan ya ɗago ya ce, "Alhaji, ka sha hanya. Ƙasa ta nuna mini kai mutumin Zariya ne, ko kuwa wajen Kaduna." Na tuna sharaɗin Gwaggo na ce, "Allah gafarta Malam." Ya ce lallai akwai hannu a lamarina, amma ba mai nauyi ba ne. Na gaya masa cewa ciwon ma ya sake ni a hanya, sai ya gyaɗa kai ya ce haka ake yi, aikin gidan nan tun daga iyaka yake tarar mutum. Ya tambaye ni ko ina yawan zama, na ce ƙwarai. Ya tambayi shekarun katifata, na faɗa masa, ya girgiza kai ya ce irin wannan tsohuwar katifa ita ce maɓoyar sammu, in fitar da ita in sayi sabuwa mai tauri, kuma in riƙa zagaya unguwa da ƙafa bayan la'asar domin abin ya bi ƙasa. Ya ƙara da cewa nan gaba ba sai na wahalar da kaina ba, yana duba mutane ta WhatsApp, yaronsa kuma yana kai saƙo kasuwar Mai'aduwa.

Sai aka zo kan maganin. Ya ce zai ba ni rubutu in sha in shafa, da ganyen magarya bakwai, amma sirrin yana cikin ruwan da za a wanke allon da shi, wanda ba ruwan ƙasar nan ba ne. Ya sa aka shigo da wata jarka mai ruwan ɗorawa, ya ɗora hannu a kanta, ya sassauta murya. Ya ce a can Najeriya akwai wani tsohon gari da ake kira Daura, a cikinsa akwai rijiya mai suna Kusugu, inda Bayajida ya sare kan macijiyar da ta hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, a zamanin sarauniya Daurama, kuma har yau rijiyar ba ta taɓa ƙafewa ba. Ya ce da wahala ake samo ruwan, sai an yi hanya da masu tsaron wurin, ga kuɗin mota, ga shingaye, shi ya sa jarkar take jika goma, ban da kafin alƙalami. Ya ce in Allah ya hore mini wata rana in daure in kai ziyara garin, daga Zariya ba wani nisa ba ne can.

Daga ƙofar gidana zuwa Kusugu, ko da ciwon ƙugu, ban taɓa hawa babur ba. A bayana na ji taubashina ya kama wani irin tari har sai da ya fita waje. Na buɗe baki, na tuna Gwaggo, na tuna mai lamba 19 da ke zaune a rumfa yana kasa kunne, na zaro sefar nan da na sayo da tsada na ƙirga jika goma.

A dawowa jarkar ce ta zauna a tsakiya, ni a can baya a kan ƙarfe, kuma ramin da ya gyara ni da safe bai manta da ni ba, domin kafin mu kai bakin kwalta ƙugu ya koma yadda yake, har da ƙari. Da muka iso shingen bincike na ɓangarenmu, wani jami'i ya hango jarka mai ruwan ɗorawa ya ce a sauke, yana zaton fetur ne. Ya buɗe ya sansana, ya ɗiga a tafin hannu ya sake sansanawa.

"Alhaji, mene ne wannan?"

"Ruwa ne, ranka ya daɗe."

"Ruwan ina?"

"Na Daura."

"Ina za ka kai shi?"

Na dubi taubashina don ya kawo ɗauki, na tarar ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hula, kafaɗunsa na rawa. Na ce, "Daura."

Jami'in ya daɗe yana kallona, sannan ya mayar da murfin jarkar a hankali, ya juya wajen rumfarsu ya ɗaga murya ya ce, "Oga, don Allah taso ka ji wannan da kunnenka."