Mai ƙuri'a a cikin sito

Sabobi uku ne a ofishinmu, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da ayyukan ofis, manhajar Proxmox ta haɗa su wuri ɗaya. Da Oga ya sayo sabuwa, sai na shigar da ita ta huɗu, ni da masinja muka ciccibi tsohuwar muka kai sito. Yanzu ma a kanta masinjan yake ajiye fulas ɗinsa.

Ranar biyan albashi na kashe kwamfutar akanta, wadda ke gudana cikin sabobin, don in ƙara mata ƙarfi. Daidai lokacin Baba mai shara yana neman inda zai jona butar shayi, ya ga soket mai kyau, ya zare wayar saba ɗaya. Na danna kunna kwamfutar akanta, ta ƙi. Na buɗe /etc/pve, inda Proxmox ke ajiye saitunansa, ya kulle, sai dai a karanta, ba a rubutu. Na buga pvecm status, umarnin da ke nuna ƙuri'un sabobin, kowace saba ƙuri'a ɗaya, zufa na tsiyaya: ƙuri'u 4 ake jira, ana bukatar 3, a hannu 2.

Sai ga Oga, akanta na biye da shi, ma'aikata sun cika ƙofa.

"Ga guda biyu suna ta kuka, me ya hana su aiki?"

"Ranka ya daɗe, ba su da rinjaye. Sai sun wuce rabi. Biyu cikin huɗu rabi ne cif."

Na shiga bayani cewa wata manhaja, Corosync, ce ke ƙidayar, kuma da dalili: in waya ta yanke tsakanin sabobi, ɓangare biyu kowa ya ɗauka shi ne mai iko, su rubuta abu daban-daban, bayanai su dagule. Oga ko saurare bai yi ba.

"Ta huɗun tana ina?"

"Tana sito."

"Tana sito tana jefa ƙuri'a?"

"Ba ta jefawa. Sunanta ne dai ke rajista, ana lissafi da ita."

Ya dube ni ya dubi akanta. "Ashe har kwamfuta ma akwai matattu a rajista."

Aka ba Baba haƙuri ya cire butarsa, ruwan ko tafasa bai yi ba. Saba ta tashi, ƙuri'u suka zama uku, /etc/pve ya buɗe. Nan take na buga pvecm delnode da sunan tsohuwar don cire ta daga rajista, lissafi ya koma 3, rinjaye 2. Albashi ya fita bayan la'asar.

Oga zai fita, ya juyo: "Wadda ka cire ɗin, ba dai za ta kai mu kotu ba ko?"